Zayyanar Alaramma da Akwatin Kwamfuta: Tsokaci Kan Ƙawata Rubutu a Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Duk wanda ya karɓi katin gayyatar ɗaurin aure a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi cikin 'yan shekarun nan, ya san irin wahalar da ido kan sha kafin ya gano ranar ɗaurin auren da wurin da za a ɗaura shi. Jajayen furanni ne suka kewaye takardar ta kowace kusurwa, ga zobba biyu a sarƙe, ga ruwan zinariya yana ɗaukar ido, sa'an nan can a tsakiya, cikin 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, a tarar da saƙon da aka buga katin dominsa. A cikin garin nan kuwa, wataƙila ma a unguwa ɗaya da shagon da ya buga katin, akwai alaramman da in ya buɗe gafakarsa za a ga shafukan da su ma aka ƙawata da launi uku ko huɗu, amma babu ɗigo ɗaya a cikin adon nan wanda ba ya gaya wa mai karatu wani abu.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa Bahaushe ya daɗe da mallakar ilimin kewaye rubutu da ado, kuma ilimin nan yana da ƙa'ida, wato ado bawan rubutu ne. Kwamfuta ta sauƙaƙa zana akwati a kewaye da rubutu har yaro ma yana iya yi, amma ta zo ta tarar an ajiye ƙa'idar a gefe. Idan ba a maido da ita cikin aikin ɗab'i ba, za a yi asara biyu: takardun Hausa za su ci gaba da wahalar da masu karanta su, masu zayyana kuma za su ƙare ba tare da magada ba.

Zayyana a hannun alaramma

Alƙur'anin hannu na ƙasar Hausa ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a sake, a kan tara su tsakanin marfi biyu a ɗaure, a saka a gafaka. Yawancin tsofaffin kofe an rubuta su ne a kan takardar nan mai tambarin wata uku wadda fatake suka riƙa kawowa daga ƙasar Italiya ta hanyar Sahara. Babu lambar shafi a jikinsu, babu kuma jerin abin da ke ciki. To, ta yaya mai tilawa zai gane inda yake a cikin ɗaruruwan warƙoƙi masu kama da juna? Da ado yake ganewa.

A ƙarshen kowace aya akan yi 'yan da'irori uku a haɗe, biyu a ƙasa ɗaya a bisa. A kowace aya ta biyar sai alamar ta sauya ta zama kumsa, a ta goma kuma ta zama kuri, wato da'ira guda mai ɗan girma. A gefen shafi kuwa akwai manyan da'irori masu zane a ciki waɗanda ke nuna rabe-raben izu 60: alamar izu daban, ta nisfi daban, ta rubu'i daban, ta sumuni daban, kowacce da harafinta a tsakiya. Wuraren sujada 11 na mazhabar Malikiyya su ma suna da tasu alamar. Sai kuma babbar zayyana mai kusurwa huɗu, wadda kan ci rabin shafi ko shafi sukutum. Ita ba a yin ta ko'ina sai a farkon Alƙur'ani da kuma inda aka raba shi kashi huɗu, wato farkon surorin A'arafi da Maryam da Sad. Launi ma haka yake: baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasali, rawaya da kore na rarrabe hamza da alifin sadarwa.

Abin lura a nan shi ne girman ado yana tafiya ne da girman abin da yake nunawa. Alamar aya ba ta kai kuri ba, kuri bai kai alamar izu ba, alamar izu kuma ba ta kai zayyanar rubu'in Alƙur'ani ba. Gardin da ke neman wani sumuni ba ya bukatar karanta kowane layi; yana juya warƙoƙi idonsa na gefen shafi har ya faɗa kan alamar da yake nema. Bugu da ƙari, mai zayyana ba ya barin adonsa ya hau kan rubutu. Gefe nasa ne, tsakiya ta marubuci ce, kuma a tsakaninsu akwai farin fili wanda ba a taɓawa.

A kan allon zayyana, wanda ake yi wa ɗalibi ranar saukar karatu, nan ne mai zayyana kan sake jiki ya nuna gwaninta. Duk da haka, a nan ma yakan fara ne da keɓe filin da za a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, sa'an nan ya gina adonsa a kewaye da shi. Salah Hassan, a littafinsa na 1992 kan fasaha da ilimin Musulunci a ƙasar Hausa, ya yi nazarin wannan sana'a da masu yin ta. Abin takaici shi ne har yau ana kallon zayyana a matsayin kayan tarihi ko abin nazarin masu zane kawai, ba a kallon ta a matsayin ilimin tsara shafi wanda maɗaba'a za ta amfana da shi.

Yadda hanya ta rabu biyu

Arewacin Zamfara ba baƙon alƙalami ba ne. Zurmi gari ne na Alibawa, Ƙaura kuma ta ɗauki sunan Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, kuma tun wancan lokaci makarantun allo da zaurukan malamai ba su yanke a yankin ba. A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya. Hanyar da ta riƙa fitar da gyaɗa da auduga ita ce kuma ta sauƙaƙa shigowar takarda da littattafan ɗab'i, daga nan su bazu zuwa kasuwanni irin ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis.

Littattafan da suka shigo iri biyu ne. Na farko su ne na boko, waɗanda suka fito daga Zariya: Hukumar Talifi ta 1933, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, Kamfanin Gaskiya na 1945, hukumar NORLA ta shekarun 1950, sai kamfanin NNPC na 1966. Waɗannan an jera su ne da baƙaƙen ƙarfe bisa tsarin shafi irin na Ingila. In an so keɓe wata sanarwa sai a ja mata miƙaƙƙen layi ta kusurwa huɗu, shi ke nan. Babu laifi a cikin wannan tsari, domin yana da tsabta da sauƙin karantawa, sai dai bai ɗauki komai daga gafakar alaramma ba.

Na biyu su ne littattafan Larabci da na ajami da ake bugawa musamman a Kano. Su marubuci ne kan rubuta su da hannu, a ɗauki hoton rubutun a buga. Ta haka ne zayyana ta ratsa ta cikin injin ba tare da ta rasa kamanninta ba, kuma ta haka ne rubutun mutane irin su Sharif Bala Gabari na Kano ya shiga gidajen da ba su taɓa ganinsa ba. Wato dai tun farko zayyana ta bi ajami, boko kuma ya tafi tsirara. Yaron da ya tashi a makarantar boko bai taɓa ganin ado irin na gidansu a littafin karatunsa ba, saboda haka da ya girma ya zauna gaban kwamfuta, bai san yana da abin da zai ɗauko ba.

Abin da ake gani a yau

A yau a garuruwan nan uku, kamar sauran garuruwan Arewa, shagon kwamfuta shi ne maɗaba'ar talaka. A nan ake buga katin aure, da kalandar walima, da takardar shaidar saukar karatu ta makarantun Islamiyya, da bangon kundin ɗalibai, da 'yan littattafan waƙoƙi da addu'o'i. Yawancin masu wannan aiki da CorelDraw suke yi ko Microsoft Word, kuma adon da suke kewaye rubutu da shi ko dai ya zo ne a cikin manhajar, ko an kwaso shi daga intanet.

Illolin da ke tattare da haka a fili suke. Da farko, adon yakan cinye filin rubutu, har a matse baƙaƙe su ƙanƙance, alhali yawancin waɗanda za a kai wa katin dattawa ne masu raunin gani. Na biyu, babu fifiko: sunan ango, da addu'a, da lambar waya, da sunan shagon da ya buga, kowanne da akwatinsa mai ƙyalli, har a rasa wanda ya fi wani muhimmanci. Idan kowa a taro yana ɗaga murya, ai babu wanda za a ji. Na uku, akan zaɓi salon baƙaƙe saboda lanƙwasarsa, sai a tarar ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, a buga "kofa" a maimakon "ƙofa", ko kuma harafin mai lanƙwasa ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a cikin dangi. An kashe kuɗi a kan gefen takarda an bar cikinta da kuskure, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan. Na huɗu, kuma mafi ciwo, shi ne a ga takardar shaidar saukar Alƙur'ani an kewaye ta da adon da aka zana domin katin bukukuwan wasu ƙasashe, a garin da kakannin yaron suka karɓi tasu shaidar a kan allon zayyana.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa mai shago ba shi da laifi, abin da mai kuɗi ya nuna shi ake buga masa. Wannan gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Mai kuɗi yana zaɓa ne daga cikin abin da aka shimfiɗa masa. In aka nuna masa samfuri goma duk na furannin waje, dole ɗaya daga ciki zai ɗauka. Ba a taɓa gwada shi da wani abu daban ba balle a ce ya ƙi.

Akwai kuma masu cewa ado ba shi da ƙabila, kuma aro ba abin kunya ba ne. Haƙiƙa tarihin ɗab'i ya goyi bayansu ta wani ɓangare. A ƙarni na 16 masu buga littattafai a Benis ta Italiya da Liyon ta Faransa sun ɗauko zanen sarƙaƙƙun ganyaye daga bangon littattafai da kayan ƙarfe na ƙasashen Musulmi. Wani maƙerin baƙaƙe Bafaranshe, Robert Granjon, ya sassaƙa irin wannan zane a 'yan ƙananan gutsattsarin ƙarfe waɗanda ake jerawa su ba da kewaye iri-iri. Amma abin da wannan tarihi ke koyarwa shi ne su Turawan sun aro ne suka narka, suka ƙera abin da ya dace da injinsu da shafinsu. Ba su kwaso shi ɗanye suka liƙa ba. Aron da ba a sarrafa ba shi ne Bahaushe ke cewa ba ya rufe katara.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma daga malamai take fitowa: zayyana ta Alƙur'ani ce, bai kamata a ɗauke ta a ɗora a kan katin da gobe za a tsince shi a bola ba. Wannan magana abin girmamawa ce, kuma ya wajaba a kiyaye ta. Alamar izu da ta sujada da kuri su tsaya inda suke, kada a mai da su adon talla. Sai dai a tuna cewa zanen da mai zayyana ke cika filinsa da shi, wato sarƙa da dagi da murabba'i da layukan da ke ratsa juna, ba na allo kaɗai ba ne. Shi ne a bangon soro, shi ne a wuyan babbar riga tare da aska takwas, shi ne a jikin jakar dukawa da ƙwaryar da aka yi wa zane. Wannan taska ta kowa ce. Abin da ake nema daga alaramma kuwa ya fi zane, ƙa'idarsa ake nema.

Abin da ya kamata a yi

Ƙa'idar nan ana iya mayar da ita sharuɗɗa huɗu waɗanda kowane mai tsara shafi zai iya riƙewa. Kada a yi akwati sai in abin da ke cikinsa ya bambanta da sauran rubutu. Kowane irin abu ya riƙe irin akwatinsa daga farkon littafi zuwa ƙarshe. Nauyin ado ya bi nauyin magana. A bar farin fili tsakanin ado da baƙaƙe.

Alal misali, a ɗauki littafin nahawun Hausa na 'yan sakandare. Ma'anar kalma tana iya samun akwati mai siririn layi biyu da ɗan dagi a kusurwa ɗaya. Misalai su sami layi ɗaya a gefen hagu kawai. Karin magana ko baitin da za a yi nazari ya sami sarƙa a sama da ƙasa. Aikin da ɗalibi zai yi a gida ya sami 'yar da'ira a gefen shafi, kamar yadda ake nuna sumuni. Farkon kowane babi kuma, shi kaɗai, ya sami cikakkiyar zayyana. Ɗalibin da ya yi mako biyu da irin wannan littafi zai riƙa nemo abin da yake so da ido tun kafin ya karanta, kamar dai gardi da gafakarsa. Wajibi ne kuma a gwada kowane ado da injin kwafi na baƙi da fari, domin yawancin ɗalibai kwafin littafi suke karantawa, kuma adon da ya dogara da launi kawai yakan koma baƙin dabbare a can.

Ta fuskar na'ura babu wani cikas. Kewaye kowane iri gutsure biyu ne: na kusurwa, da na gefe wanda ake maimaitawa har ya kai tsawon da ake so. In an zana su sau ɗaya da kyau a CorelDraw, sun zama na har abada. Masu rubutun ilimi kuma suna da tsarin TeX, wanda Donald Knuth ya fitar a 1978, da LaTeX da Leslie Lamport ya gina a kansa a shekarun 1980. A cikinsa akwai wani ƙari mai suna tcolorbox wanda ke ba marubuci damar ƙayyade kaurin layi, da launi, da siffar kusurwa, da wurin take, har ma akwatin ya tsallaka daga shafi zuwa shafi ba tare da ya lalace ba. Amfaninsa shi ne sau ɗaya ake fasalta akwatin a ba shi suna, daga nan duk inda aka kira sunan haka zai fito. Wannan kuwa ita ce ainihin ɗabi'ar mai zayyana, wanda alamar nisfinsa ta izu na 2 ba ta saɓa wa ta izu na 59 a ma'ana.

Saura wa zai yi aikin. A nan ne nauyi ya hau kan sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau, waɗanda yankin nan ke aika wa ɗalibai. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan waƙa da karin magana da sana'o'in gargajiya. Me zai hana a ba wasu ɗalibai aikin zama da masu zayyana na garuruwansu, su ɗauki hoton aikinsu da izininsu, su rubuta sunan kowane zane kamar yadda mai shi ke kiransa, da inda ake sa shi da inda ba a sa shi? Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da matasan da suka san kwamfuta, waɗanda za su iya mayar da zanen nan samfurin da kowane shago zai ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: a ambaci sunan mai zanen, a kuma biya shi. In aka kwashe fasahar talaka aka raba kyauta shi yana zaune da yunwa, to an yi masa fashi ne da sunan raya al'ada.

Aikin nan ba mai jira ba ne. Fiye da shekara goma ke nan ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da maƙwabtansu suna fama da hare-haren 'yan bindiga, ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun koma manyan garuruwa. Wanda ya gudu da dare da 'ya'yansa ba lallai ne ya iya ɗaukar allo da tukwanen tawada ba, kuma malamin da almajiransa suka warwatse ba shi da wanda zai koya wa riƙon alƙalami. Takarda ba ta jure wuta da ruwa da gara, sana'ar hannu kuma da mai ita take tafiya kabari in bai sami magaji ba.

Kammalawa

An ga yadda alarammomi suka mayar da ado jagoran mai karatu, da yadda ɗab'in boko ya wuce bai waiwayi wannan ilimi ba, da yadda kwamfuta ta cika gurbin da kayan aro marasa ma'ana. Ba ana kira ne a koma ga alƙalamin gamba a bar na'ura ba. Ana kira ne ga ɗalibin Hausa da ya san cewa tsarin shafi wani ɓangare ne na nazarin rubutu, kamar yadda ƙa'idojin rubutu suke. Gwajin farko kuwa ba shi da nisa: mujallar sashe, da bangon kundin kammala digiri, da takardar gayyatar makon Hausa. Idan waɗannan suka fara fitowa da zayyanar gida, a tsare, kowane ado da aikinsa, masu shaguna a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi za su gani, kuma ɗan kasuwa ba ya ƙin abin da ya ga ana so. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.